Tabarau, Rana da Tamoji

A kan ji ɗalibai suna cewa wai sa tabarau ke kawo tamoji a gefen ido. Ba haka ba ne. Ban da tsufa, yawan ƙanƙance ido da rana su ke kawo shi.

Fatar da ta kewaye ido ba ta da kauri ko kaɗan. Wanda ba ya gani sosai kullum ƙanƙance ido yake yi, fatar tana naɗewa a wuri ɗaya, har layin ya zauna. Ashe ma tabarau wanda likita ya auna taimako ne.

Rana kuwa tana da wani haske da ido ba ya gani, watau ultrabayolet. Shi ke lalata zaruruwan da ke riƙe da fata, yana kuma jawo yanar ido. Gajimare ba ya tare shi duka, ko da damina.

To, a yi hankali da baƙin tabarau na kasuwa. Duhunsa yana sa ƙwayar ido ta buɗe, in kuwa ba ya tace hasken nan, sai ya shiga fiye da dā. A nemi mai alamar UV400, a haɗa da malafa.

Ku kuma masu shirin koyarwa, in kun ga yaro yana ƙanƙance ido wajen duban allo, ku matso da shi gaba, sa'an nan a kai shi a auna idonsa.