Hawan jini: lafiyar da kake ji ba awo ba ce

Da yawa daga cikinmu ba sa jin labarin tansiyon ɗinsu sai ranar da aka kwashe su zuwa asibiti, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Alhali cutar ta yi shekaru tana aiki shiru. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kusan mutum ɗaya cikin manya uku na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba.

Zuciya famfo ce, jijiyoyi su ne bututu. Idan jini ya daɗe yana bugun bangon jijiyoyi da ƙarfi fiye da kima, sai su yi tauri, zuciya ta gaji, ƙoda ta lalace, ido ya raunana, wata jijiya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Gado da tsufa na cikin dalilai, kuma ba mu da iko a kansu. Amma akwai waɗanda ke hannunmu: ƙiba, zama wuri ɗaya, taba, giya, da uwa uba gishiri. OMS ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. A tukunya guda kuwa mukan haɗa gishiri da dunƙulen Maggi da kanwa, dukansu ɗauke da sinadarin sodiyom mai ɗaga jini. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ake saye hannun ƴan talla su ma suna ɗaga shi.

Ciwon kai ko jiri ba hujja ba ne, rashinsu ma haka. Awo kaɗai ke faɗin gaskiya. A CSI ko farmasi, ka zauna ka huta minti biyar kafin a ɗaura maka na'urar. Idan ma'aikacin lafiya ya ce "14/9", yana nufin 140 bisa 90. Wanda awonsa ya kai haka ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, yana da hawan jini. Mai juna biyu kuwa a auna ta a kowane awon ciki, domin hawan jini ne ke kai ga jijjiga.

Magunguna irin su amlodipine suna saukar da jini, amma ba sa kawar da cutar. Nan ne kuskuren ya fi yawa: mutum ya ji sauƙi, ya ajiye ƙwaya, jini ya sake hawa bai sani ba. Ana sha kullum, ko da azumi, likita ne zai gyara lokacin. A haɗa da rage gishiri, yawan ganye irin su zogale, da tafiyar ƙafa ta minti 30 kwana biyar a mako.

Idan baki ya karkace, hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. Kuɗin awo dai bai kama ƙafar na wankin ƙoda ba.