Tushen Kiɗan Gulbin Maraɗi: Fada, Bori da Sana'a

Masana tarihin kiɗa sukan bayar da misali da ƙasar Meziko, inda salon da ake kira son jarocho a yankin Berakurus ya samu daga cuɗanyar 'yan asalin ƙasar da Sifaniyawa da bayin da aka kai daga Afirka. Kiɗan kwarin Gulbin Maraɗi, wanda ya haɗa Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, shi ma haɗuwar baƙi da 'yan gida ce ta haife shi, sai dai a nan dukansu Hausawa ne.

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina, sannan suka ci Alƙalawa a 1808, sarakunan Haɓe suka yi ƙaura zuwa arewa, inda Ɗan Kasawa ya kafa gadon Katsina a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna a Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Da su aka zo da kayan kiɗan fada, wato tambari, gangar da ke shaida naɗin sarki, da kakaki, dogon ƙahon ƙarfe da ba a busa wa talaka, da algaita mai rakiyar hawa.

Masu ƙaurar sun tarar da Anna, manoman da ke riƙe da addinin gargajiya a garuruwan kwarin irin su Jiratawa, kuma tun da fadojin biyu ba su kori bori ba, sai ya zauna ƙarƙashin sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tibiri. A wajen wasan bori, mai goge, wato kayan kiɗa mai tsirkiyar gashin doki, ko mai garaya tare da masu kaɗa buta, yana sauya take daga wannan iska zuwa waccan, domin kowace iska da kiɗanta da kirarinta.

Reshe na uku shi ne kiɗan sana'a, inda kalangu yake na mahauta, gangar noma kuma take zuga samari ranar gayya.

Wannan gado ne marigayi Sa'adu Bori ya ɗora a kan jita da gangunan zamani, musamman a faifan Niamey Twice da ya yi da Musa Pusi, kafin rasuwarsa a haɗarin mota a 2008. Ta hannunsa ne taken iskoki ya fita daga dandalin Maraɗi har ya kai kasuwar faifai ta Turai.