Nawa na'urar miƙar da gashi ke ci a kuɗin wutar lantarki?

A shagunan gyaran gashi na garin Haɗeja, musamman a makon Sallah da lokacin bukukuwan aure, na'urar miƙar da gashi da ta naɗe shi kan yini a jone. Saboda tsananin zafin da suke ɗauka, mutane da dama na ɗauka su ne ke cinye katin mita, har wasu magidanta kan hana amfani da su a gida. Lissafi bai goyi bayan wannan zargi ba. Kuɗin yana tafiya ne ta wata hanyar, kuma mai shagon da ba ta gano ta ba tana iya yanke farashin da zai cinye mata riba.

Ana sayar da wuta ne da yunit. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke ci cikin awa ɗaya. Don haka lissafin mai sauƙi ne: a duba adadin wat da aka rubuta a jikin na'urar ko kwalinta, a ninka da awowin da ta yi aiki, a raba da 1,000, sannan a ninka da farashin yunit.

Farashin kuwa ya danganta da rukunin layin da mutum yake kai. Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta zuwa rukunai biyar, daga A mai alƙawarin awa 20 a rana zuwa E mai awa huɗu. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin Rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, aka rage shi a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yulin shekarar. Sauran rukunan ba sa biyan ko rabin haka. Za mu yi lissafi da farashin Rukunin A domin a ga mafi tsadar abin da zai iya kamawa. Wanda ke wani rukuni sai ya duba rasidin katinsa.

Yawancin na'urorin miƙar da gashi da na naɗe shi ƙarfinsu 'yan gomman wat ne. Sukan ja wuta da ɗan yawa a mintin farko kafin faifan ya yi zafi, daga nan sai su riƙa tsuke jan wutar da kansu, domin faifan ƙarami ne kuma riƙe zafinsa ba ya buƙatar wani abin kirki. A ɗauki mai wat 60 da ta yi rabin awa a kan mutum ɗaya: yunit 0.03 ke nan, wato kimanin naira shida. Idan shago na yi wa mata goma a rana, kwana 26 a wata, abin da za ta ci bai kai yunit takwas ba, kusan naira 1,600.

Na'urar busar da gashi, wadda aka fi sani da diraya, labarinta daban ne. Ita iska take zafafawa tana hurawa, iskar kuma tana watsewa cikin ɗaki, don haka dole ta ci gaba da jan wuta babu sassauci. Ta hannu kan kai wat 1,200 zuwa 2,000. Mai wat 1,800 idan ta yi minti 20 ta ci yunit 0.6, kusan naira 126 a kan mutum ɗaya. Mata goma a rana na tsawon kwana 26 sun kama yunit 156, wato kusan naira 33,000 a wata. Ninki ashirin ke nan na abin da na'urar miƙarwa ta ci. 'Yan uwanta a wajen cin wuta su ne dutsen guga da hitar dafa ruwan wanke kai.

Sai dai duk wannan lissafi na ranar da akwai wuta ne. A Haɗeja da garuruwan masarautarta irin su Malam Madori da Kafin Hausa da Auyo, kamar sauran sassan Arewa, mai shago ba ta iya ce wa amarya ta jira a kawo wuta. Waɗanda suka ga doguwar ɗaukewar wutar da ta jefa jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki a watan Oktoban 2024 sun san abin da ake nufi. Nan ne janareto ke shigowa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafinsa ya sauya gaba ɗaya.

Janareto yana shan mai ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba. Ƙaramin nan da ake ajiyewa a bakin shago kan sha wajen rabin lita a awa. Idan aka ce lita naira 900 ce, tayar da shi na rabin awa domin na'urar miƙarwa kaɗai ya kama fiye da naira 200, a kan aikin da mita za ta caji naira shida. Ga shi kuma ba ya iya ɗaukar diraya, domin ƙarfinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan wat ba. Sai an nemi babba, wanda shan mansa ya fi haka nesa. Dabarar da ta fi dacewa ita ce tara aiki: a tayar da inji sau ɗaya a yi wa mutum uku ko huɗu, a maimakon kunnawa da kashewa saboda kowace mai shigowa. A lokacin bazara kuwa, zafin Haɗeja da kansa kan rage wa diraya aiki idan aka tsane gashi da tawul aka bar shi ya sha iska kafin a kunna ta.

Masu sola suna da sauƙi ta ɓangare ɗaya. Ƙaramar inbata da batir ɗaya sun isa su riƙe na'urar miƙarwa na awowi, amma diraya za ta kashe ƙaramar inbata nan take, ko ta zuƙe batir cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma asarar da ba ta bayyana a mita. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Na'urar da aka kawo tsaraba daga can, idan ba a rubuta mata 100 zuwa 240 ba, tana iya ƙonewa a jonawar farko. Idan wuta ta zo da rauni, misali ta sauka zuwa bolt 160, zafin diraya kan ragu da kusan rabi, aiki ya ja lokaci, mai gyara ta riƙa maimaita bi ta kan gashi. Faifan miƙarwa kuwa yana iya kaiwa digiri 230 a ma'aunin Salsiyas, zafin da ke karya gashi, musamman wanda aka sa wa man laushi ko wanda bai gama bushewa ba.

Sannan diraya mai wat 1,800 tana jan kusan amfiya takwas. Biyu a kan soket ɗaya na amfiya 13 sun wuce ƙarfinsa, kuma wayoyin jone-jone masu arha da suka cika kasuwa sukan fara narkewa tun kafin a kai nan. Shagon da ke da diraya fiye da ɗaya yana buƙatar kowace ta samu soket ɗinta a bango.