Fina-finan Namun Daji don Mutanen Karkara a Kenya: Masu Yin Su da Masu Biyan Kuɗinsu

1. Gabatarwa

An daɗe ana ɗaukar fina-finan namun daji a gabashin Afirka. Zakuna da giwaye da karkanda na Kenya da Tanzaniya sun shekara da shekaru suna fitowa a talabijin na Turai da Amurka. Amma manomin da giwa ke cinye wa masara, da makiyayin da zaki ke kashe wa saniya, ba su cika ganin irin waɗannan fina-finai ba. Galibinsu da Ingilishi aka yi su, don masu kallo na ƙasashen waje, kuma a can ake sayar da su. Wannan giɓi ne ya sa aka kafa wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba riba suke nema ba, don su riƙa shirya fim na ilmantarwa saboda mutanen da ke maƙwabtaka da dabbobin. Wannan bayani ya duba biyu daga cikinsu a ƙasar Kenya, da yadda suke samun kuɗin aiki, da abin da dogaro da kuɗin waje ke jawowa.

2. Abin da ya faru da giwayen Kenya

Kafin a fahimci aikin waɗannan ƙungiyoyi, sai an san halin da giwa ta shiga a wannan ƙasa. A shekarar 1948 aka kafa gandun dajin Tsavo a kudu maso gabashin Kenya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 20,000, an kuma raba shi gida biyu, gabas da yamma. A farin da aka yi a 1970 da 1971, dubban giwaye suka mutu a cikinsa saboda yunwa. Bayan fari kuma sai masu neman haure suka shigo da bindigogi. An ƙiyasta cewa Kenya na da giwaye wajen 167,000 a 1973, amma zuwa 1989 ba su wuce 16,000 ba.

Gwamnati ta hana farautar namun daji a 1977. A watan Yuli na 1989 shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a gandun dajin Nairobi, a wannan shekara kuma ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES suka amince da hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. Sai dai doka ita kaɗai ba ta tsare giwa. Namun daji da yawa na Kenya suna yawo ne a wajen gandun daji, a filayen kiwo da gonakin jama'a. Idan mutanen wurin ba su ga amfanin dabba ba, ba za su kai rahoton maharbi ba, wani lokaci ma su ne za su nuna masa hanya.

3. Gidauniyar Simon Trevor

Simon Trevor ya yi aiki a matsayin ma'aikacin gandun daji a Kenya, daga baya ya koma ɗaukar fim. Shi ya yi The African Elephant a 1971 da Bloody Ivory a 1978, wanda ya nuna ɓarnar masu neman haure a Tsavo. Ya kuma yi aikin ɗaukar hoto a manyan fina-finan Amurka guda biyu, wato Out of Africa na 1985 da Gorillas in the Mist na 1988. Duk waɗannan don kasuwar waje aka yi su.

A shekarar 1998 ya kafa African Environmental Film Foundation, wato gidauniyar fina-finan muhalli ta Afirka, wadda ake taƙaita sunanta da AEFF. Mazauninta yana yankin Tsavo. Manufarta ita ce a yi fim a kan muhallin Afirka, don mutanen Afirka, cikin harsunansu, a kuma raba shi kyauta. Batutuwan da ta taɓo sun haɗa da farautar giwa da karkanda, da sare itatuwa, da ƙarancin ruwa. Babban jarin da gidauniyar ta fara da shi shi ne hotunan da Trevor ya tara cikin shekaru masu yawa. Da irin wannan taska ana iya nuna wa mai kallo yadda wuri yake a da, da yadda ya koma bayan shekara 20 ko 30, abin da baki kawai ba zai iya gamsar da shi a kai ba.

Game da harshe kuwa, ana shirya fim ɗaya, sannan a ɗora masa murya da Ingilishi da Suwahili da wasu harsunan Kenya kamar Maa, harshen Masai. An zaɓi murya a kan rubutun ƙasan hoto ne domin da yawa daga cikin masu kallo ba su yi boko ba. Wannan aiki ya fi fassarar kalma da kalma wuya. Dole mai fassara ya nemo sunan da mutanen wurin ke kiran kowace bishiya da kowace dabba, ya kuma daidaita tsawon jimlarsa da tsawon hoton da ke wucewa.

Rabon fim ɗin ya bi ta makarantu da gidajen talabijin da ƙungiyoyin kare muhalli. Wasu daga cikin ƙungiyoyin nan suna da motar majigi, irin wadda aka sani a ƙasar Hausa tun zamanin Turawan mulki: a shiga ƙauye da injin wuta da farin ƙyalle, a jira faɗuwar rana, a nuna fim, bayan an gama a tattauna da jama'a.

4. Me ke cin kuɗi, kuma wa ke biya?

Fim ɗin namun daji yana da tsada saboda dabba ba ta bin umarni. Mai ɗaukar hoto na iya kwana da kwanaki yana jiran abin da ba zai wuce minti ɗaya a fim ba. Ga mota da man fetur, ga kyamara mai hango nesa, ga kuɗin izinin ɗauka a gandun daji, wani lokaci har da ƙaramin jirgin sama. Bayan ɗauka sai tacewa da haɗa sauti. Kowane harshe da aka ƙara yana bukatar nasa mai fassara da mai murya da ɗakin naɗar sauti. A ƙarshe akwai kuɗin buga faifai da kai su ƙauyuka.

Kamfanin kasuwanci yana mayar da kuɗinsa ta hanyar sayar wa gidajen talabijin fim. Ƙungiyar da ke rabawa kyauta ba ta da wannan hanya, don haka ta dogara ga masu ba da taimako. Akwai hanyoyi uku da aka fi bi. Ta farko ita ce kyautar ɗaiɗaikun masu hali, musamman a Amurka da Ingila, inda doka ke rage wa mutum haraji in ya ba ƙungiyar agaji mai rajista kyauta. Ta biyu ita ce tallafin manyan gidauniyoyi, wanda akan bayar don wani aiki takamaimai na ƙayyadadden lokaci. Ta uku ita ce hukumomin gwamnatocin waje masu ba da agaji.

AEFF ta sami goyon bayan Arne Glimcher, attajiri mai cinikin zane-zane a birnin New York, wanda ke cikin waɗanda suka shirya Gorillas in the Mist. Da hannunsa a fim ɗin White Gold, wato farin zinariya, wanda ya fito a 2013 a kan cinikin haure, kuma Hillary Clinton ce ta karanta bayaninsa da Ingilishi. A nan ana iya ganin cewa irin wannan ƙungiya tana da masu kallo iri biyu. Akwai na ƙauye da ake son ilmantarwa, akwai kuma na manyan biranen waje da ake son su buɗe aljihu ko su daina sayen haure.

5. WildlifeDirect da hanyar talabijin

Ƙungiya ta biyu ita ce WildlifeDirect, wadda aka kafa a 2004, Richard Leakey na cikin waɗanda suka assasa ta. Daga baya Dakta Paula Kahumbu, ƴar Kenya masaniyar giwaye, ta shugabance ta. A 2013 ƙungiyar ta fara gangamin Hands Off Our Elephants tare da Margaret Kenyatta, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. A wannan shekara ce Kenya ta yi sabuwar dokar namun daji wadda ta tsananta hukunci a kan masu fataucin haure, ta kuma tanadi diyya ga wanda dabba ta kashe wa ɗan'uwa ko ta ɓata wa gona.

WildlifeDirect ta fi karkata ga talabijin na cikin gida. A 2016 ta fara shirin NTV Wild tare da tashar NTV da hukumar kula da namun daji ta Kenya. A 2019 ta fito da Wildlife Warriors, shirin da ke nuna ƴan Afirka masu aikin kare dabbobi, Kahumbu kuma ita ke gabatarwa. Wannan sauyi yana da muhimmanci, domin a tsofaffin fina-finai Bature ne masani, baƙin mutum kuwa ko direba ne ko maharbi. A 2022 aka fara Team Sayari, shirin yara wanda yaran Afirka ke gabatarwa, da haɗin gwiwar National Geographic da kamfanin Disney da ma'aikatar harkokin wajen Amurka da hukumar agaji ta USAID.

6. Haɗarin dogaro da kuɗin waje

Akan ce mai hannu a aljihun wani, inda mai riga ya nufa nan zai bi. Matsala ta farko ita ce zaɓen batu. Mai ba da kuɗi a New York ko Landan ya fi jin tausayin giwa da zaki, alhali abin da ya dami manomi a gefen Tsavo shi ne yadda zai kare gonarsa. Akwai ilmin da zai amfane shi. Alal misali, binciken Dakta Lucy King ya nuna cewa giwa na tsoron zuma, kuma a Sagalla, kusa da Tsavo, manoma sun kewaye gonaki da amya da aka haɗa da waya, suna korar giwa suna kuma samun zumar sayarwa. Irin wannan batu ya fi amfani ga ƙauye, amma bai kai hoton gawar giwa saurin tara kuɗi ba.

Matsala ta biyu ita ce yawancin tallafi na aiki ɗaya ne. Ana samun mai biyan kuɗin sabon fim, amma da wuya a sami mai biyan albashin ma'aikata, ko gyaran motar majigi, ko ɗora murya da harshe na biyar wanda masu jin sa ba su da yawa. Ke nan harsunan da suka fi bukatar fim su ne aka fi saurin tsallakewa.

Matsala ta uku ita ce siyasa. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da agajin da Amurka ke ba ƙasashen waje, zuwa watan Yuli kuma aka rufe USAID, aka mayar da ragowar ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Shawarar da aka yanke a Washington ta rufe wata babbar ƙofa da ayyukan kare muhalli na Afirka suka saba samun kuɗi ta cikinta.

7. Kammalawa

Ƙidayar da Kenya ta yi a 2021 ta sami giwaye 36,280, wato sun ninka yawansu na 1989 fiye da sau biyu. Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kawo haka, kamar dokoki, da aikin masu gadin daji, da rufe kasuwar haure da ƙasar Sin ta yi a ƙarshen 2017. Rabon fim a ciki shi ne ya kai maganar ga mutanen da ke kwana kusa da dabbar, cikin harshen da suke ji. Amma muddin mai kallo ba shi ke biya ba, kuma mai biya ba ya zaune da giwa, aikin zai ci gaba da tafiya bisa ra'ayin mai ba da kuɗi. Ɗorewarsa ta rataya ne a kan ko gidajen talabijin na gida, da ƴan kasuwa masu ba da talla, da ma'aikatun ilmi za su ɗauki wani kaso na nauyin.