Tawul a Ƙaramin Banɗaki: Matsalar Wuri da Danshi a Kafanchan

Garin Kafanchan ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun daga ƙarshen shekarun 1920, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da hanyar Kaduna da reshen da ke hawa Jos, kuma tun daga wancan zamani garin yake karɓar baƙi masu neman ɗakin haya. A yau ɗaliban makarantar koyon aikin jinya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya sun ƙaru a kan ma'aikata da 'yan kasuwa, ta yadda a gidajen haya da yawa iyalai da dama ke amfani da banɗaki guda, wanda da ƙyar mutum ya juya a cikinsa da bokiti. A irin wannan wuri tawul yakan ƙare a kan ƙusa, ko a saman ƙofar langa-langa, inda yake ɗaukar tsatsa da wari.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne tawul nawa ne za su bushe a banɗakin, domin yawan waɗanda za a iya ratayawa ba shi da amfani muddin suna kwana a jiƙe. Bushewa ita ce tashin ruwa daga jikin yadi zuwa cikin iska, kuma saurinta ya dogara ga faɗin yadin da iska ke taɓawa, da motsin iskar, da kuma danshinta, wato yawan tururin ruwan da ta riga ta ɗauka. An saƙa tawul da ƙananan madaukai na zaren auduga domin ya sha ruwa da yawa, saboda haka idan aka rataye shi a ƙusa sai ya tattare, madaukan su manne da juna, bayansa ya bushe alhali cikinsa na nan sharkaf. Manoman citta na Kachia da Kwoi sun san wannan ƙa'ida sarai, shi ya sa suke tsaga citta su baza ta, don sun san wadda aka tara wuri guda funfuna za ta yi.

Yanayin kudancin Kaduna yana ƙara wa lamarin nauyi, domin damina a nan takan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a kewayen duwatsun Kagoro ya fi na Kano nesa ba kusa ba. A watan Agusta, sa'ad da iska ke cike da danshi kuma rana kan yi kwanaki ba ta fito sosai ba, tawul ɗin da aka yi wanka da shi da safe yana iya kaiwa dare bai bushe ba. Yadi mai ɗumi da laima shi ne mazaunin da ƙwayoyin cuta da funfuna suka fi so, kuma daga nan warin tsami ke fitowa. Idan tawul na mutane daban-daban suna haɗa jiki a ƙusa ɗaya, ko kuma yara suna karɓa-karɓa da guda, makero da ƙazuwa da amosanin ido suna samun hanyar yaɗuwa, abin da ke da ciwo ganin cewa kuɗin magani zai iya fin kuɗin gyara wurin rataya tawul ɗin.

Gyaran kuwa mai sauƙi ne. Sanda kwance ta fi ƙusa, domin tana buɗe tawul gaba ɗaya, kuma ana iya yin ta da gora, wadda ake samu a yankin, ko da bututun roba na ruwa, wanda ba ya tsatsa. Tawul na manya yakan kai faɗin kusan santimita 70, wanda ya yi daidai da bayan ƙofa, wurin da yawanci ke zaman banza. Kafinta zai iya kafa sanda biyu a nan, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya bar ratar yatsu huɗu tsakaninsu da ƙofar domin iska ta ratsa ta baya. Sararin da ke sama da kai, kusa da taga ko ramin shan iska, shi ma yana ɗaukar sanda daga bango zuwa bango, kuma a nan iska ta fi motsi. A bangon bulo mai rami ƙusa takan yi sako-sako ta fita, don haka sukuru da robarsa sun fi riƙewa. Ya kamata sandar ta yi nisa da masai, domin tun shekarar 1975 binciken Charles Gerba da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa kora ruwa a masai yana watsa ƙananan ɗigo masu ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa abubuwan da ke kusa.

A banɗakin da jama'a ke rabawa, wanda ƙasansa ba ya rabuwa da ruwa, mafi dacewa shi ne tawul ya shiga tare da mai shi ya fita tare da shi, a shanya shi a igiya ƙarƙashin baranda da damina, ko a inuwar da ƙura ba ta kaiwa da hunturu. Shanya a ƙasa ko a kan ciyawa yana da nasa haɗari, domin akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a jikin yadi mai laima, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji, kuma guga mai zafi ce ke kashe ƙwan. Masu gidajen haya a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro za su rage wa 'yan hayarsu wahala matuƙa idan suka sa magini ya bar taga babba a banɗaki, aka kuma ɗaura igiyar shanya a ƙarƙashin rufi tun kafin a ba da makullin ɗaki.