Matata ɗaya tak: wa ke cin ribar man Jarmaya?

Duk faɗin Chadi matatar mai guda ɗaya ce, ta Jarmaya, arewa da Njamena. An buɗe ta a 2011. Kamfanin CNPC na China ke da kashi 60, gwamnati 40. Mu 'yan kasuwar Dembe, ko mun sani ko ba mu sani ba, da wannan famfon muke numfashi.

Duk ranar da aka tsayar da ita don gyara, layi ya miƙe ke nan a gidajen mai. Mai jari, wanda ke da tankin ajiya, tuni ya cika. A wurinsa ƙarancin nan kasuwa ce ta buɗe. Ɗan kilando kuwa, wato ɗan acaɓa, a layi zai kwana.

A Fabrairun 2024 litar fetur ta tashi daga sefa 518 zuwa 730. Kuɗin dako daga Kusuri ya bi sahu. To, wa za mu ƙara wa? Ka ƙara dala biyar, mai saye ya wuce rumfar maƙwabcinka. Abin da nake yawan faɗa wa yaran shagona ke nan: mu ɗaruruwa ne muna kokawa a kan 'yar riba, matata kuwa ba ta da maƙwabciya.