Tarihin farashin hannun jari

Tarihin farashin hannun jari shi ne jerin farashin da aka sayi hannun jarin wani kamfani ko aka sayar da shi a kasuwa a kwanakin da suka wuce, an jera su bisa kwanan wata. Kasuwannin hannayen jari ne ke adana wannan bayani, kamfanonin dillanci da jaridu da shafukan intanet kuma su yaɗa shi. Masu zuba jari, ɗaliban tattalin arziki, hukumomin haraji da kotuna duk suna komawa gare shi. Sai dai lambar da ke cikin jadawali ba ita kaɗai ke nuna riba ko asarar da mai hannun jari ya yi ba. Sai an haɗa ta da tsaga hannun jari, rabon riba da sauyin darajar kuɗi kafin a gane abin da ya faru.

Abin da jadawali ya ƙunsa

Kowane layi a jadawalin yana wakiltar rana ɗaya ta ciniki, ko mako, ko wata. Ana rubuta farashin buɗewa, wato na cinikin farko, da farashi mafi tsada da mafi araha na ranar, da farashin rufewa, sannan yawan hannayen jarin da suka sauya hannu. Ba a samun layi a ranakun hutu da ƙarshen mako.

Farashin rufewa shi aka fi kafa hujja da shi. Yawan ciniki kuwa shi ke nuna nauyin farashin: idan hannun jari ya tashi a ranar da aka sayar da ɗari biyu kacal, wannan tashin bai kai ƙarfin wanda aka samu a cinikin miliyoyi ba. A Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya akwai kamfanonin da kan shafe kwanaki farashinsu bai motsa ba, saboda ƙarancin masu saye da sayarwa. Kasuwar kuma ta ƙayyade cewa farashi ba zai hau ko ya sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana ɗaya ba, don haka babban labari kan ɗauki kwanaki kafin ya gama bayyana a jadawali.

Asali

A Amurka jaridu sun daɗe suna buga farashin kowace rana, kuma a 1896 aka fara ma'aunin Dow Jones na kamfanonin masana'antu. A 1960 Jami'ar Chicago ta kafa cibiyar binciken farashi mai suna CRSP, wadda ta tattara farashin Kasuwar New York tun daga 1926 ta zuba shi cikin kwamfuta. Har zuwa farkon ƙarnin nan ana rubuta farashin Amurka da ɓangarori kamar ɗaya bisa takwas ko ɗaya bisa sha shida na dala, sai a 2001 aka kammala komawa santi.

A Najeriya an kafa kasuwar a Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, aka sauya mata suna zuwa Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya a 1977, kuma tun 2021 ake kiranta NGX. Babban ma'auninta ya fara ne daga maki 100 a watan Janairun 1984. Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa suna da kasuwa guda, BRVM, mai hedikwata a Abidjan, wadda ta fara aiki a 1998.

Gyararren farashi

Abu na farko da ke ruɗa mai karatu shi ne tsaga hannun jari. Kamfani kan raba kowane hannun jari gida biyu ko fiye domin farashinsa ya yi sauƙin saye. Dukiyar mai shi ba ta ragu ba, kamar wanda aka canja wa naira dubu zuwa ɗari biyar-biyar guda biyu.

Kamfanin Apple misali ne sananne. Ya fara sayar da hannun jarinsa ranar 12 ga Disamba, 1980 a kan dala 22. Ya tsaga shi gida biyu a 1987 da 2000 da 2005, gida bakwai a 2014, sannan gida huɗu a 2020. Ke nan hannun jari ɗaya na 1980 ya zama 224. A ƙarshen watan Agustan 2020 farashin ya sauko daga kusan dala 500 zuwa kusan dala 125 tsakanin Juma'a da Litinin, kuma babu wanda ya yi asarar ko sisi. Domin kada jadawali ya nuna faɗuwar da ba ta faru ba, ana raba duk tsofaffin farashi da adadin tsagawar. Wannan ne ya sa jadawalin yau ke nuna farashin Apple na 1980 a matsayin kusan santi 10, alhali ba a taɓa sayar da shi haka ba.

Kamfanonin Najeriya sun fi sabawa da ba da hannun jarin kyauta, misali ɗaya a kan kowane huɗu da mutum ya mallaka. Tasirinsa ɗaya ne da tsagawa: yawa ya ƙaru, farashin kowane ɗaya ya sauka. Akwai kuma akasin haka, inda kamfani ke dunƙule hannayen jari da yawa su zama ɗaya, farashi ya yi kamar ya tashi.

Abu na biyu shi ne rabon riba. Daga ranar da mai saye ya daina cancantar ribar da aka sanar, farashi kan sauka da kusan adadinta. Idan hannun jari na naira 100 ne aka raba naira 5, masu gyara jadawali kan ninka duk farashin da ya gabata da 0.95. Sakamakon shi ake kira gyararren farashin rufewa. Da shi ake auna yadda jari ya bunƙasa cikin shekaru. Wanda ke neman ainihin kuɗin da aka biya a wata rana kuwa, farashin da ba a gyara ba yake bukata.

Lissafin riba

Ana cire farashin saye daga farashin sayarwa, a ƙara ribar da aka karɓa, a raba da farashin saye. Wanda ya saya a naira 50, ya karɓi rabon naira 4, ya sayar a naira 60 bayan shekara, ya samu kashi 28 cikin ɗari kafin a cire kuɗin dillali da haraji.

Wannan lamba ma tana bukatar awo. A 2024 hauhawar farashin kaya a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, don haka mai ribar kashi 28 a irin wannan shekara abin da kuɗinsa ke iya saya ya ragu. Haka batun canji yake. A 2023 babban ma'aunin NGX ya tashi da kusan kashi 46 cikin ɗari, amma a shekarar dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa kusan naira 900 a kasuwar hukuma. Mai lissafi da naira ya ga riba, mai lissafi da dala ya ga asara, kuma jadawali ɗaya suke kallo.

Farashi shi kaɗai ba ya nuna girman kamfani. Sai an ninka shi da yawan hannayen jarin da kamfanin ya fitar ake samun darajarsa a kasuwa. Hannun jari mai naira 5 na iya zama mai tsada, mai naira 500 kuma ya zama mai araha, gwargwadon ribar da kowane kamfani ke samu.

Amfani

Masu zuba jari na amfani da tarihin farashi wajen kwatanta kamfani da takwarorinsa ko da ma'aunin kasuwa baki ɗaya. Suna kuma auna haɗari da shi, ta hanyar duba yadda farashi ke hawa da sauka da kuma faɗuwa mafi muni da ya taɓa yi. Aikin Harry Markowitz na 1952 kan rarraba jari ya dogara ne a kan irin wannan awo.

Akwai amfanin yau da kullum. Lissafin harajin ribar sayar da kadara yana bukatar farashin ranar saye da na ranar sayarwa. Masu rabon gado na neman darajar hannayen jarin mamaci a wata rana takamaimai. Mai fatauci da hannun jari da zai fitar da zakka yana duba farashin kasuwa na ranar da shekara ta cika. Hukumomin sa ido kan kasuwa kuma suna bin sawun farashi da yawan ciniki domin gano waɗanda suka yi ciniki da bayanan sirri kafin a sanar da jama'a.

Iyakarsa

Tarihin farashi ba ya faɗin abin da zai faru gobe. Masu nazarin zane suna neman alamu masu maimaita kansu, amma binciken Maurice Kendall na 1953 da na Eugene Fama daga baya sun nuna cewa sauyin farashin jiya ba ya taimakawa sosai wajen hasashen na gobe.

Tashin da ya daɗe ba ya ba da tabbaci. Ma'aunin kasuwar Najeriya ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, lokacin da mutane da yawa suka ci bashin banki suka sayi hannun jari. Zuwa farkon 2009 ya faɗo kusan 20,000, kuma bai sake kai matsayin 2008 ba sai a watan Agustan 2023. A Japan ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, bai wuce ta ba sai a Fabrairun 2024.

Jadawali kan kuma manta da matattu. Afribank, Bank PHB da Spring Bank sun fita daga kasuwa bayan hukumomi sun karɓe su a 2011, masu hannun jarinsu suka tafka asara. Wanda ya auna ribar bankuna da waɗanda suka tsira kaɗai zai samu lambar da ta fi gaskiya kyau. Haka kuma ranar da aka fara awo tana sauya sakamako: wanda ya fara daga Maris na 2008 da wanda ya fara daga Maris na 2009 za su ba da labari daban a kan kasuwa ɗaya.

Inda ake samunsa

Kasuwanni irin su NGX da BRVM suna fitar da jerin farashin kowace rana. Manyan kamfanoni na da sashen masu zuba jari a shafukansu, rahotonsu na shekara kuma na ɗauke da tarihin rabon riba da hannun jarin kyauta. Shafuka kamar Yahoo Finance suna nuna farashin rufewa da gyararren farashi gefe da gefe. Kafin a yi lissafi da kowane jadawali ana tabbatar da abubuwa uku: kuɗin da aka rubuta shi da su, ko an gyara shi ko ba a gyara ba, da kuma ko kamfanin ya taɓa sauya suna ko haɗewa da wani.